Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice: Lambobin da Ɓarawo Ya Kasa Yi wa Ƙari

Yau kan lamba za mu zauna, daga kasuwar Gitata har ƙasar Sin, mu ga irin dabarun da mutane suka ƙago don kada wani ya wayi gari ya mayar da ɗaya goma. A gyara zama.

Duk wanda ya taɓa sayen fili ko gona a Gitata ko Keffi ya san mai rubuta takardar ciniki sau biyu yake rubuta kuɗin: da lamba, sannan da kalmomi, ya rufe da "kacal". Ai ₦100,000 sifiri ɗaya take jira ta zama miliyan, amma "naira dubu ɗari kacal" ba ta da inda za a liƙa mata ƙari. Malam marubuci, Allah ya ƙara basira!

A cekin banki ma haka abin yake, kuma idan lamba ta saɓa wa kalmomi, doka ta ce abin da aka rubuta da kalmomi shi ne kuɗin. Sai dai ma'aikacin banki yakan zaɓi ya mayar maka da takardarka ka je ka sake wata. Kowa na gudun abin da zai hana shi barci.

Matsalar Sinawa ta fi tamu girma, domin lambobinsu na yau da kullum sauƙi ne da su har ya yi yawa. Ɗaya layi guda ne a kwance (一), biyu layi biyu (二), uku layi uku (三). Yaron da bai shiga makaranta ba ma ya iya ƙari!

Ga yadda ɓarnar take tafiya: a gitta wa ɗaya layi a tsaye ta zama goma (十), a ɗora wa goma ɗan karkataccen zane a ka ta zama dubu (千). Wato da zane biyu rak, bashin buhu ɗaya ya koma bashin buhu dubu. Tawadar ba ta kai ɗigo uku ba.

Maganin da suka samo shi ne ajiye jerin lambobi na biyu masu wuyar rubutu, waɗanda ake fito da su ranar kuɗi, kwangila, rasit da haraji. Suna kiransu "babban rubutu", kuma ga su daga ɗaya zuwa goma: 壹 贰 叁 肆 伍 陆 柒 捌 玖 拾. Mai son ƙari, bismillah, ga fili ga mai doki.

Mu tsaya kan na farkon, don shi ne angon wannan zama. Ɗayan da ake gamawa da zane guda, a babban rubutu sai an ja alƙalami sau 12 kafin ya kammala (壹). Lamba mafi ƙanƙanta, ga ta da babbar riga.

Abin mamakin, asalin wannan harafi ba lamba ba ne, hoton tulu ne mai murfi. Wani ƙamus da aka kammala wajen shekara ta 100 Miladiyya ya fayyace shi a matsayin tulu da harafin "sa'a" a cikinsa, ya kuma ce ma'anarsa tara hankali wuri ɗaya. Tulu a rufe, alheri a ciki, wa zai ƙi?

Daga tara hankali wuri ɗaya sai ma'anar ta miƙe zuwa haɗa abubuwa su zama bai ɗaya. Da sarkin da ya fara haɗa ƙasar Sin ƙarƙashin mulki guda ya ba da umarni a shekara ta 221 kafin Miladiyya cewa awo ya daidaita ko'ina, an zana umarnin a jikin ma'aunai da duwatsun sikeli, kuma wannan harafi ne ke ɗauke da kalmar daidaitawar. Masu bubbuga gindin mudu, kun ji tun yaushe ake fama da ku.

Marubuta sun yi ta goge tulun da alƙalami ƙarni bayan ƙarni har ya sauya kama: murfin ya zama gicciye kan layi, cikin kuma ya koma harafin wani kwano mai ƙafa (豆). Wannan harafin na kwano shi Sinawan yau ke amfani da shi su rubuta wake. Ashe duk wanda ya rubuta ɗaya a rasit, ya zuba wake a gindi bai sani ba!

Sauran lambobin ma duk aro ne: an nemo kalmomin da furucinsu ya zo daidai ko kusa da na lambar, aka ɗora musu sabon aiki. Kowanne da sana'arsa ta asali kafin a kira shi gadin kuɗi. Ku biyo ni ku ji.

Biyu (贰) na nufin mataimaki, wato na biyun shugaba, kuma a gindinsa akwai hoton wuri. E, wurin nan dai da kakanninmu suka yi ciniki da shi, shi ne kuɗin Sinawa sama da shekara 3,000 da suka wuce, har yau kuma hotonsa na cikin haruffansu na dukiya, tsada, araha da haja. Nesa ta zo kusa.

Uku (叁) daga sama aka sauko da shi. Asalinsa sunan taurari ukun nan ne masu jerawa a layi guda, waɗanda ake gani tar a daren hunturu, kuma tsohon zanensa mutum ne da taurari uku bisa kansa. In hunturu ya zo, a ɗaga kai da dare a gaishe su.

Huɗu (肆) shi ya fi kowa nauyi a jerin, zane 13, kuma ma'anarsa baje kaya, har ma da rumfar kasuwa. Biyar (伍) kuwa rukunin sojoji biyar ne, mafi ƙanƙantar ƙungiya a rundunar dā. Ɗan kasuwa da soja, kafaɗa da kafaɗa.

Shida (陆) busasshiyar ƙasa ce, bakwai (柒) ƙaron itacen da ake shafa wa kwanuka su yi sheƙi, takwas (捌) manjagara ce marar haƙora ta tara hatsi. Tara (玖) wani baƙin dutse ne na ado, goma (拾) kuma tsintar abu daga ƙasa. Kaya sun cika rumfa!

Ɗari da dubu ba a wahalar da su ba, mutum kawai aka tsayar a gefen kowanne (佰 da 仟). Sifiri kuwa (零) asalinsa yayyafi ne, ɗan ragowar ruwan da ke ɗiga bayan an ɗauke. Da damina an tuna da shi.

Su ma suna da "kacal" ɗinsu. Bayan an gama rubuta kuɗi sai a toshe ƙarshen layi da harafin 整, ma'ana cif-cif, babu canji, babu ƙari. Tunani ɗaya, alƙalami daban.

To wa ya ƙago wannan tsari? Labarin da ya fi yawo a bakin Sinawa na cewa sarkin da ya kafa daular Ming ne, mutumin da ya tashi maraya har ya yi bara, ya kuma tsani ma'aikaci maciyin amana tsana mai tsanani. Wanda ya san yunwa ba ya wasa da rumbu.

A shekarar 1385 aka bankaɗo wani babban jami'in baitulmali da abokansa da laifin wawure hatsin haraji mai ɗimbin yawa, hukuncin kuma ya ci rayukan dubun-dubatar mutane, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Daga nan ne, in ji labarin, aka wajabta manyan lambobi a littattafan gwamnati. Gyaran ya yi kyau, amma jinin da aka zubar ya yi yawa.

Sai dai kuɗin takarda da shi wannan sarki ya fara bugawa a 1375 tuni yana ɗauke da babban "ɗaya" a tsakiyarsa, shekara goma kafin waccan shari'a. Kenan ya tilasta abin da ya tarar ne, ba shi ya haife shi ba. Mai gida daban, magini daban.

Wannan takardar kuɗi ma abin kallo ce: da ɓawon itace aka yi ta, ta fi fallen takardar ofis tsawo, an kuma zana mata igiyoyi goma na tsabar kuɗi don wanda bai iya karatu ba ya gane darajarta. A ƙasanta an rubuta cewa mai buga jabu za a sare kansa, mai tona shi kuma yana da tukuicin awon azurfa 250. Ba a ɓoye wa kowa komai ba.

Wani malami na ƙarni na 17 mai yawon karanta rubutun duwatsu ya tarar da waɗannan lambobi a wani allon dutse na tsaunin Tai, sai ya jingina su ga mace ɗaya tilo da ta taɓa hawa gadon sarautar Sin da sunanta, wadda ta yi mulki daga 690 zuwa 705. An san ta da ƙago sababbin haruffa, don haka zancen ya shiga kunne. Ranki ya daɗe!

Ita ma ba ta tsira da kambun ba. Tsofaffin takardu da aka tono a kaburburan Turfan, can yammacin Sin inda bushewar ƙasa ke hana takarda ruɓewa, sun nuna ana rubuta irin waɗannan lambobi fiye da shekara 200 kafin mulkinta. A ganina, ƙananan magatakarda da 'yan kasuwa da aka taɓa cuta su ne suka fara, sarakuna suka zo suka buga hatimi.

Akwai kuma wani shahararren zance na 1722, wai sarki ya bar wasiyya a ba ɗansa na goma sha huɗu sarauta, sai na huɗun ya ƙara wa harafin goma zane ya koma kalmar "ga", wasiyya ta zama "ga na huɗu". Masana tarihi sun yi watsi da shi, domin irin wannan takarda har da harshen Mancu ake rubuta ta, inda dabarar ba za ta ci ba. Labarin dai ya fi gaskiyar daɗi, shi ya sa ya ƙi mutuwa.

Ƙananan lambobin ma sun sha sauyi. A rubutun da aka zana kan ƙoƙon kunkuru da allon kafaɗar shanu wajen shekara ta 1200 kafin Miladiyya, huɗu layi huɗu ce, goma sanda guda a tsaye, gicciyen da yau ake karantawa goma kuwa bakwai yake nufi. Mai bin tsohon bashi, a duba da kyau.

Dubu goma kuwa kunama ce! Tsohon harafin (萬) hotonta ne da ƙahonni da wutsiya, kuma har yau da dubu goma-goma Sinawa ke ƙirga manyan kuɗi, ta yadda miliyan a wurinsu "dubu goma sau ɗari" ce. 'Yan kasuwarmu masu zuwa sari Guangzhou, a riƙa danna kalkuleta sau biyu.

Da gwamnatin Sin ta shiga rage wa haruffa zane a 1956 don sauƙaƙa karatu, biyu da shida na babban rubutu sun rage ƙiba, amma ɗaya ba a taɓa shi ba. Japanawa kuwa sun yi masa aski ya koma zane bakwai (壱), kuma shi ke zaune kan takardarsu ta yen 10,000. Tulu ya ƙetare teku.

Duk wanda ya riƙe takardar yuwan 100 zai ga babban ɗaya da babban ɗari a fuskarta. Ya juya baya kuma zai tarar da rubutun harsuna huɗu na ƙananan ƙabilu, ciki har da na Uigur, wanda da haruffan Larabci ake rubuta shi. Su ma ashe suna da ajaminsu a jikin kuɗi.

Mu dawo gida. Takardunmu na ₦200, ₦500 da ₦1,000 na ɗauke da darajarsu da ajamin Hausa, yayin da aka cire shi daga ƙananan takardu a 2007, sannan daga sabuwar ₦100 a 2014. Tsoffi da yawa da wannan rubutu suke tantance canjinsu, kuma ba sa kuskure.

Kafin takarda, wuri ne kuɗi, kuma mafi yawansa daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ya fito. Wani matafiyi Bajamushe da ya sauka Kano a 1851 ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500, ana ƙirgawa biyar-biyar a ƙasa don ba a shirya su a zare. Mai sayen doki sai ya zo da masu ƙirga da abincin rana.

Ita dalar azurfar, ta ƙasar Ostiriya, tana da nata abin dariya: ko a wace shekara aka buga ta, 1780 ake rubutawa a jikinta. 'Yan kasuwa sun saba da wannan lamba, in aka sauya sai su ce jabu ce. Kuɗin da ya ƙi tsufa kenan.

Ƙidayar wuri na da kalmominta da yau sai a bakin dattawa: hauya ashirin ce, keso kuwa wuri 20,000 ne a ɗaure cikin tabarma. Kafin ashirin da talatin su shigo daga Larabci, gomiya biyu da gomiya uku ake cewa, miliyan kuma zambar dubu. Sinawa da manjagara a takwas, mu da hauya a ashirin, manoma dai sun shiga lissafi.

Bahaushe na son ragi a ƙidaya: 19 ashirin ba ɗaya, 18 ashirin ba biyu, malamai kuma su ce gaira. Ga kuma metan, arbaminya da hamsaminya, wato 200, 400 da 500, da har yanzu ake jin su a bakin tsofaffin fatake. Yaran yanzu, a je a tambayi kaka.

A wajen dillalan doya da na goro, ƙwarya ba abin shan fura ba ce, ɗari cif take nufi. Baƙon da ya ji an ce "ƙwarya uku" ya tsaya neman ƙorai, to doya 300 ake loda wa mota. Kowace kasuwa da harshenta.

Da Turawa suka hana shigo da wuri a 1904 suka kawo tsabarsu, sai ga anini, ɗaya bisa goma na kobo, da huda a tsakiya da rubutun Larabci a jiki. Tsabar Sinawa ta dā ma huda gare ta, amma mai kusurwa huɗu, ana zura dubu a igiya ɗaya. Aljihu bai zama dole ba in akwai zare.

Naira ta zo ranar 1 ga Janairun 1973, amma fam da jaka sun ƙi tafiya. Fam ɗaya naira biyu ce, jaka fam ɗari ce, saboda haka dattijon da ya ce maka "jaka biyar" ₦1,000 yake nufi. Shekara hamsin da ɗoriya, baki bai saki ba.

Tsallaka Maraɗi ka ga wani salon: can da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya kuma sefa biyar ce. In mai tebur ya ce maka "ashirin", sefa 100 zai karɓa, in ya ce "jika" sefa 1,000. Baƙo, ninka sau biyar kafin ka ce ka saya.

Malamanmu na zaure su ma suna da lambobi na biyu, ta hanyar hisabi, inda kowane harafi ke da nauyinsa: alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu. Da shi marubuta waƙa ke ɓoye shekarar da suka gama aiki cikin kalma guda a baitin ƙarshe, abin da ake kira ramzi. Kwanan wata ya shiga amo, mai kwafi ba shi da damar sauya shi.

A nan ma akwai tarko: lissafin Magariba da muke bi ya ba harafin shin dubu, na Gabas kuwa gain ya ba dubu. Shi ya sa ramzin waƙoƙin ƙarni na 13 na Hijira ke yawan ɗauke da shin da ra, wato 1,000 da 200. Wanda ya ɗauko ma'aunin Masar zai ɓata da ɗaruruwan shekaru.

Hatimin nan mai gida tara, wanda ko ta ina aka tara lambobinsa 15 ake samu, da biyar a tsakiya, Sinawa ma sun san shi tun dā. A tatsuniyarsu, a bayan wani kunkuru da ya fito daga kogin Luwo aka fara ganinsa. Kunkuru ya daɗe da iya lissafi!

Lambobin da ke cikin littattafan Larabci na da nasu wasan: biyar ɗinsu da'ira ce (٥), sifiri kuma ɗigo ne kawai (٠). Ƙuda ya sauka kan takarda ya bar alama, goma ta koma ɗari. A riƙa rufe littafin bashi.

Turawa ma sun ji wannan tsoro. A 1299 'yan canjin birnin Fulorans na Italiya sun hana membobinsu rubuta lissafi da lambobin da muke amfani da su yau, kuma dalilin da aka fi ambata shi ne sauƙin yi wa sifiri wutsiya ya zama shida ko tara. Magatakardansu kuwa sukan ja ƙafar layin ƙarshe na lambar Rumawa, uku ta zama iij, alamar an rufe ƙofa.

Mai koko ko mai nono da ke jan layi da gawayi a bango duk ranar da aka ci bashi, tana da abokan sana'a a fadar Ingila. Baitulmalinsu ya shafe ɗaruruwan shekaru yana yanka alamun kuɗi a jikin sanda, a tsaga ta biyu, kowa ya riƙe ɓari, ranar biya a haɗa a ga ko yankan ya dace. Wanda ya ƙara tsaga a nasa, ɓarin abokinsa zai tona shi.

An daina amfani da sandunan a 1826, sai a 1834 aka ce a ƙona tarin da ya rage a murhun ƙarƙashin ginin majalisa. Ma'aikata suka cika wuta fiye da kima, kafin gari ya waye mafi yawan ginin majalisar dokokin Ingila ya zama toka, mutanen Landan na tsaye bakin kogi suna kallo. Tsohon rasit ya ci majalisa sukutum!